Littafin Aikin Ƙungiyar Maginan Tukwane ta Garinmu

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Mun yi zaman farko yau bayan la'asar a gidan Inna, wadda duk yankin nan ya sani da ginin randa. Mata goma sha uku a tsakar gida, maza huɗu a zaure, ni ce mai kai magana da kawowa a tsakani. Da yake ina koyarwa a firamare, rubutu ma ni aka ɗora wa. Daga yau duk abin da aka yi zai shiga littafin nan, da kuɗin da ya shigo da wanda ya fita.

Abin da ya tara mu kowa ya san shi. Tulun da mahaifiyata ke ginawa, dillali yana ɗaukarsa a ƙofar gida kan naira 1,200, a Kano kuwa ba a sallama shi ƙasa da 2,500. Randa 3,000 a nan, can ta kai 7,000. Ba duka bambancin ne riba ba, akwai kuɗin mota, wanda tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya gagari kowa, ga kuma abin da ke fashewa a hanya. Amma wadda ta taka yumɓu da ƙafarta, ta gina, ta goge, ta sha hayaƙin matoya, ita ce mafi ƙarancin rabo, kuma ita kaɗai ke ɗaukar asarar abin da wuta ta fasa.

An yarda da abu uku: mu haɗa sayen yumɓu da makamashi, mu riƙa toyi tare, mu kai kaya kasuwa da kanmu. Burinmu azumi, da ake sa ran zai kama a farkon Maris, lokacin da zafi ke shigowa kowa na neman randa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ni da Kawu da Baba mai toyi mun je wurin dagaci kan maganar ramin yumɓu. Ramin yana gefen fadama, cikin gonar wani bawan Allah, kuma tun kakanni ake ɗiba a wurin ba da takarda ba, sai dai a kai wa mai gona tulu biyu ko uku a shekara. Yanzu da za a riƙa ɗiba da amalanke, ya ce ƙasa na cin gonarsa, kuma gaskiyarsa ce. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo da ƙarfi ba, iyaka muke so a shata mana." Dagaci ya tura wakili aka kafa duwatsu. Za mu biya naira 15,000 a shekara, ba za a haƙa ba daga saukar ruwa har a cire amfanin gona.

Na roƙi a ƙara sharaɗi ɗaya aka kuma ƙara: ba za a ƙara bin jijiyar yumɓu ta ƙarƙashi ana yin kogo ba, kuma yaro ba zai shiga rami ba. Yumɓu mai kyau yana ƙasa, shi ya sa mutane ke kutsawa, amma ƙasar sama ba ta ba da sanarwa in za ta rufta. Za a yaye saman ne a bi shi daga buɗe, ko da aikin ya ninka.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau aka tsara doka. Hannun jari naira 5,000 kowane mutum, an tara 85,000. Zubi na mako naira 500. Inna ce shugaba, Gwaggo ma'aji domin ta shekara tana riƙe adashin unguwa ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Kowa ƙuri'a ɗaya, mai randa ɗari da mai asusu goma duk ɗaya suke a wurin yanke shawara. Kaya na mai shi ne, ƙungiya ba ta saye. Kuɗin yumɓu, kara da mota za a raba shi gwargwadon kayan kowa, sannan a cire ɗaya cikin goma na ciniki a bar wa ƙungiya.

Ana dab da tashi sai maganar da kowa ke kewayewa ta fito. Mutum shida dillali na bin su bashi, jimilla naira 74,000. Da damina ba a gini sosai, yumɓu ba ya bushewa, kara ya jiƙe, rami ya cika da ruwa, ga shi lokacin ne rumbu ke yin ƙasa. Sai ya zo ya ba da kuɗi, da sharaɗin kayan rani nasa ne a farashin da ya yanka tun a watan Agusta. Wata daga cikinsu ta ce da ni, "Malama, ranar da yarona ya kwanta zazzaɓi shi ya ba ni kuɗin allura, ba ƙungiya ba." Babu wanda ya iya ba ta amsa. Ni a ganina mutumin nan ba abokin gaba ba ne, gurbi ya tarar ya cike. In ba mu iya cike wannan gurbi na damina ba, duk takardar da za mu yi ta banza ce. Don haka aka ce zubin mako ba za a taɓa shi ba, na rancen damina ne, ba ruwa a kai. Su shidan za su ci gaba da ba shi wani kaso na kayansu har bashin ya ragu.

Talata, 3 ga Disamba

Ofishin gama-kai. Jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya yi mana bayani dalla-dalla. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta tarayya, ta shekarar 1993, tana son aƙalla mutum goma, mun wuce nan. Ana buƙatar takardar neman rajista, kundin dokokinmu, bayanin zaman da aka zaɓi shugabanni, sunaye da hotuna. Ya ja kunnenmu kan abu biyu: a riƙa rubuta kowane zama, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na rarar shekara dole a ajiye shi a asusun ko-ta-kwana, ba a raba shi.

Hotuna ni na ɗauka da waya gida gida, domin akwai matan da ba sa fita. Wanki, buga takardu da kuɗin mota sun ci 9,500 zuwa yanzu.

Lahadi, 8 ga Disamba

Amalanke biyar na yumɓu, 4,000 kowanne. An jiƙa. Dami talatin na karan dawa, an jibge a bayan matoya. Gini ya kankama a kowane gida.

Alhamis, 19 ga Disamba

Toyin farko na haɗin gwiwa, kuma bai yi kyau ba. Kaya 140 aka jera, 38 sun lalace.

Tun shekaranjiya hunturu ya sauko da ƙarfi. Wasu sun shanya kayansu a fili don su riski ranar toyi, iska ta busar da baki da wuya alhali gindi da ɗanyensa. Irin wannan tukunya a ido ta bushe, amma ruwan da ke cikin kaurinta in ya ji wuta sai ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, ya tarwatsa ta. Mun jera da hantsi: itace a ƙasa, manyan randuna a kife a tsakiya, tuluna da tukwane a kansu, ƙanana a saƙo-saƙo, aka rufe da katangar tsofaffin tukwane, sannan kara da busasshen kashin shanu. Baba ya so a fara ɗumama kayan da ɗan yayi a ciki kamar yadda yake yi wa nasa, masu sauri suka ce rana na yi. Ba a jima da cinna wuta ba muka fara jin ƙara daga tsakiya. Inna tana zaune a kan turmi, ba ta ce komai ba, sai ƙirgawa take da yatsu.

Da yamma da aka yaye toka, randa biyu ne suka fashe a tsakiya, kuma ɓaraguzansu suka illata duk abin da ke kewaye da su. Gefen gabas, inda iska ke bugowa, wuta ta cinye kara da wuri, kayan wajen ba su nuna ba. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji sauti a dushe, ba wannan kaifin na tukunyar da ta toyu ba. Goma sha ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace na mace ɗaya ne, mai takaba da ba ta daɗe da fita ba, kuma nata kayan sun bushe sarai. Laifin na wasu ne, asarar tata.

Kara da itacen da suka ƙone: 24,000.

Asabar, 21 ga Disamba

An kai ruwa rana. Zaman da ya kamata ya ƙare kafin magariba sai da aka yi isha'i ana kansa.

Tambayar ita ce, wa zai ɗauki asara? A da kowa na toyinsa shi kaɗai, abin da ya fashe ya ce ƙaddara ya share. Yanzu randar wata ce ta fasa tulun wata. Masu randunan biyu suka ce ba wanda zai iya rantsuwa nasu ne suka fara fashewa. Mai takaba ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, "Inna, ni dai da abin nan zan sayi hatsi." Daga zaure Kawu ya aiko ni da cewa a raba asarar daidai kan kowa. Mata uku suka ƙi, suka ce in haka ne mai ganganci ba za ta taɓa gyarawa ba, tunda ta san wasu za su biya mata. Ni ma ina tare da su a nan, amma barin asarar kan wadda tsautsayi ya faɗa wa shi ne abin da muka gudo.

Mutum ɗaya ta ce a ba ta kuɗinta ta koma toyinta. An ba ta 5,000 na jari da 2,500 na zubinta, aka rabu lafiya. Mun koma goma sha shida. Na ji ciwon tafiyarta, hannunta na da kyau wajen kaskon turare.

Ba a yanke komai ba. Inna ta ce kowa ya je ya kwana da maganar.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Inna ce ta zo da mafita, kuma ta fi duk abin da ni na tsara a takarda. Ba wani kaya da zai shiga matoya sai ya bi ta hannun mutum biyu, ita da Baba. Za su ɗora gindin a kumatu: yumɓun da ke da sauran ruwa sanyi gare shi, wanda ya bushe ba ya da shi. Abin da suka mayar ya jira toyi na gaba, ko na waye, ko nata ne. Abin da suka yarda da shi in ya fashe a wuta, ba laifin mai shi ba ne, ƙungiya za ta biya ta rabin kuɗinsa na gida daga cikin ɗaya-cikin-goman nan. Rabi ne ba duka ba, don kada kowa ya saki jiki.

Aka ƙara da cewa wurin jeri ƙuri'a za a riƙa yi, kada kullum kayan mutum ɗaya su kasance a bakin iska. Shanya a inuwa, a kife, a rufe baki da tsumma kwanakin farko. Ɗumamawa dole ce. Kowa kuma zai sa alamarsa a gindi tun yumɓu na ɗanye. Mahaifiyata zane uku, Gwaggo tambarin bakin kara, wata ƙwayar dabino take dannawa. Na zana dukkan alamomin a bayan littafin nan da sunan kowa a gefe.

Asarar ranar 19 ga Disamba an yarda a biya ta bisa wannan doka duk da an yi ta daga baya. Asusun bai da komai tukuna, an ranto 14,000 daga jari. Mai takaba ta karɓi 6,600.

Alhamis, 9 ga Janairu

Toyi na biyu. An mayar da kaya 17 a wurin dubawa, har da tuluna biyu na ɗiyar Inna. An kafa zana a gabas ta tare iska. Cikin 126, tara suka fashe. Alhamdu lillahi.

Litinin, 13 ga Janairu

Takardar rajista ta fito ranar Juma'a, yau muka tafi buɗe asusu a banki. Ana son sa hannun mutum biyu cikin uku, kowanne da lambar NIN da ta BVN. Gwaggo da ni muna da su. Inna ba ta da BVN, aka ce ta ɗora yatsa a na'ura. Na'urar ta ƙi karantawa. Aka goge gilashin, aka sauya yatsa, aka shafa mata ɗan mai, shiru. Na kama hannunta na duba a hasken taga: tafin yatsunta sumul, zanen ya shafe, shekara sama da hamsin tana murza yumɓu mai yashi. Yarinyar da ke kan na'urar ta yi haƙuri da mu ƙwarai, ta ce Mama ta huta da aiki na ɗan lokaci tana shafa man kaɗanya, wataƙila zanen ya ɗan fito. Inna ta ce, "'Yar nan, in na huta wa zai gina randunan azumi?"

An buɗe da sunana da na Gwaggo da Kawu. A zama na gaba zan nemi a rubuta cewa ba a cire ko sisi sai da izinin Inna a gaban shaidu biyu, domin bai dace shugaba ta zama ba ta da iko da asusu saboda aikin da ya sa aka zaɓe ta ba.

Duk abin da rajista da banki suka ci, da zirga-zirga: 23,000.

Juma'a, 24 ga Janairu

Sabuwar matsala, wadda ban taɓa gani ba. Kayan toyi na uku sun fito lafiya ranar Asabar, an ƙwanƙwasa an ji daɗin sautinsu, an jera a rumfa. Jiya Gwaggo ta kira ni. Jikin tuluna ya fara tsattsagewa, ɓalli-ɓalli kamar an sa farce an ɓantare, kuma a tsakiyar kowane gurbi akwai ɗan farin abu da ke zama gari in an taɓa.

Baba na gani ya ce daga rami ne. Da aka yaye sama kamar yadda muka yi sharaɗi, an haɗo da wani sashe mai ƙananan fararen tsakuwa irin na farar ƙasa. Wuta na mayar da su ɗanyen alli mai ƙishirwa, in sun sha laimar iska ko ruwa sai su kumbura su ture jikin tukunya. Shi ya sa ba a gani ranar toyi sai bayan kwanaki. Tsofaffi da ke bin jijiya ta ƙasa suna kauce wa wannan sashe ba tare da sun yi bayani ba. Duk da haka ba za mu koma kogo ba.

Kaya 26 abin ya shafa. Waɗanda bai huda ba za a sayar da su da araha a matsayin tukwanen shuka. Gyaran: a shanya yumɓu ya bushe, a daka, a tankaɗe da rariyar ƙarfe kafin a jiƙa, sannan a haɗa da garin katanga da aka daka kamar kullum. Rariya biyu 7,000. Samari biyu za su riƙa daka da tankaɗe, 1,500 kowane amalanke. Sauran yumɓun da aka riga aka jiƙa an dama shi da ruwa sosai aka tace.

Abin da ya faranta mini rai: ba wanda ya tayar da jijiyar wuya. Aka duba alamar gindi, aka duba doka, aka biya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ɗan Kawu da ya gama karatu ya zo da shawara: mu nemi tallafi mu sayi injin juyi da tanderun lantarki, mu riƙa yin kofuna da farantai masu sheƙi irin na kanti. Ya nuna mana hotuna a waya, 'yan matan suka yi ca a kai.

Na ji daɗin zuwansa, domin yaran garin nan kunyar sana'ar suke ji. Na ciro naira ashirin na juya bayanta na nuna musu Ladi Kwali tana gini. Ba-Gbagyiya ce daga Kwali, da hannu ta koya a gida kamar iyayenmu. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a can ta koyi injin juyi da sheƙi, ta zaga Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Kuma manyan tulunan da suka fitar da sunanta da hannu ta gina su. Wata yarinya ta karɓi kuɗin tana ta kallo, ta ce ita ba ta taɓa lura ba.

Amma maganar inji na ce a dakata. Zafin wutar matoyarmu bai wuce daraja 600 zuwa 800 a ma'aunin Celsius ba, irin kayan Suleja kuwa sai sama da 1,200, da wani irin yumɓu daban. Lantarki a garin nan sai a yi kwanaki ba a gan shi ba. Sannan randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafowa iska na busarwa, in an shafe ta da sheƙi an kashe amfaninta. Kasuwar da muke da ita a hannu ta masu neman ruwan sanyi ce. Na roƙe shi ya riƙe mana ɗaukar hoto da tallata kaya a WhatsApp da Facebook, ya karɓa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ta hanyar tallan nan wasu masu sayar da kayan miya sun nemi tukunya-cikin-tukunya guda ashirin, irin wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan yashin na fita ta jikin babbar yana tafiya da zafi, tumatir da alayyafo su ƙara kwanaki ba su yanƙwane ba.

Wahalar ita ce awo. Dole ƙaramar ta shiga babbar ta bar wurin yashi daidai ko'ina. Iyayenmu da taƙi suke awo, taƙin Inna kuwa ba na mahaifiyata ba ne, ga shi yumɓu na shan jiki in ya bushe ya kuma toyu. Gwajin farko ƙaramar ta cije a wuya. Baba ya yanko kara biyu, dogo da gajere, ya ƙara musu tsawon abin da yumɓu zai ja, aka yanka wa kowa irinsu. Wasu ba su so ba, suna ganin raini ne a ba mai shekara arba'in a sana'a kara. Inna ta ɗauki nata a gaban kowa ta auna bakin tukunyarta, maganar ta mutu. Awon na wannan odar ne kawai. Randa da tulu kowa ya ci gaba da yin su yadda hannunsa ya saba, domin masu saye na gane hannu, har suna tambaya.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Babban toyin azumi, an kasa shi biyu, jiya da yau. Kaya 310, goma sha huɗu suka fashe. Tukwanen girki an yayyafa musu ruwan makuba suna da zafi, sun yi baƙi mai ƙyalli. Tun asuba 'yan mata ke gugar tuluna da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, kwana uku kafin toyi, kuma aikin ya nuna.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

A-kori-kura zuwa Kano, 45,000 da lodi da saukewa. An shimfiɗa buntun shinkafa da tattaka, kowace randa an cusa mata ƙananan kaya a ciki da ciyawa. Kawu ya zauna a gaba don direba ya bi a hankali. Takwas sun fashe a hanya, duk a layin baya, wurin da mota ke tsalle. Nan gaba asusu da kasko za a sa a can, randuna su matso gaba.

Ba mu da rumfa a birni, don haka ga masu rumfa muka sayar, randa 5,200, tulu 1,900. Bai kai farashin mai saye ɗaya ɗaya ba, amma ko bayan cire kuɗin mota ya fi na ƙofar gida nesa. Fashewar hanya ma an sa ta ƙarƙashin dokar rabi.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Zama ya koma bayan tarawih. Gini da sassafe kawai.

Litinin, 17 ga Maris

Dillali ya zo gidan Inna da kansa. Ragowar bashinsa 52,000. Ya yi ƙorafi cewa shekara da shekaru yana tare da mu a lokacin wuya, yanzu an juya masa baya. Inna ta ce, "Alhaji, ba mu manta alheri ba, kuma ba mu hana ka kaya ba. Farashin ne za a riƙa yi ranar da kaya ke ƙasa, ba da damina ba."

An taɓa zubi a karon farko, da yardar kowa: an biya shi 52,000 a gaban mai unguwa, ya yafe sharaɗin kaya. Su shidan yanzu ƙungiya ke bin su, za su biya a hankali daga cinikinsu, ba ƙari. Kafin ya tafi ya sayi tulu arba'in kan 1,600, kuɗi hannu, shi zai ɗauki mota da fashewa. Wannan ciniki ya yi mana, kuma ina fatan ya ɗore, domin ya san kasuwannin ƙauye da mu ba mu sani ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, yau muka zauna lissafi. Gwaggo ta zazzage jakarta, na karanta littafi, suka dace.

Cinikin da ya bi ta hannun ƙungiya tun Disamba 960,000, rabon ƙungiya 96,000. Diyyar fashewa ta ci 41,000, ciki har da 14,000 da aka mayar wa jari. Rajista da banki 23,000. Rara 32,000, an ware 8,000 na ko-ta-kwana, sauran 24,000 an ƙi rabawa, za a sa a ginin rumfar shanya da ajiya. Zubi ya kama 149,000, akwai bashin makonni 11,000 a kan mutum huɗu. Bayan biyan Alhaji, 97,000 ke nan na rancen damina. Bara mutum shida kaɗai sun ci 74,000, yanzu mu goma sha shida ne, don haka kuɗin ba zai wadatar ba. An yanke cewa rance ba zai wuce 8,000 ga mutum ɗaya ba, rashin lafiya da abinci ne a gaba, biki ba ya ciki. An kuma ɗaga zubi zuwa 700 daga yanzu har saukar ruwa, tunda akwai ciniki.

Wadda ta fita a Disamba ta aiko tana son dawowa, da wasu mata uku daga unguwar gabas. Za a duba a zama mai zuwa. Ra'ayina a karɓe su, amma su fara zubi yanzu, rance sai damina ta gaba.

Aikin da ke gabanmu kafin ruwa: a haƙo yumɓu amalanke goma sha biyu a tankaɗe a adana, tunda ramin zai rufu. A sayi kara tun bai yi tsada ba. Rumfar kwano mai ɗaki ɗaya don shanya da ajiya, kafinta ya yi mana kiyasin 180,000, muna da 24,000, dagaci ya ba da fili a bayan matoya. Baba na son a kewaye matoyar da ginin ƙasa mai ƙofofin wuta a ƙasa, kamar tsayin ƙirji, ya ce zai rage cin kara kuma ya raba mu da matsalar iskar gabas. Za a fara buga tubalinsa ranar Talata, kowane gida zai turo mutum ɗaya.